Ranar da Aka Zaunar da Kailu

A ƙauyen Gawo Uku, tafiyar hantsi guda daga Filinge in jakin amalanke bai yi gardama ba, akwai wani mahaƙin rijiya ana ce da shi Kailu. Rijiyoyi da yawa na ƙasar Kurfai shi ya fara shiga cikinsu tun suna busassun ramuka, ya fito da taɓo har a gemu. Yakan ce in mutum ya kai gaba talatin a ƙasa ya ɗaga kai, zai ga taurari da tsakar rana, ƙanana kamar tsabar gero da ta zube a kan baƙin zane. Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, don ba wanda ya yarda ya sauka ya duba.

Shekara biyu da suka wuce, yana ƙasan wata rijiya wajen Damana, igiyar jan ƙasa ta tsinke. Gugan cike da tsakuwa ya faɗo masa a baya yana duƙe. Aka fito da shi a ɗaure kamar buhun gero, amma bai mutu ba. Daga cibiya zuwa sama Kailu yana nan yadda aka san shi, da bakinsa da barkwancinsa. Daga cibiya zuwa ƙasa kuwa sai ya zama kamar kayan wani da aka bar masa ajiya. Majo, wato babban ma'aikacin likita a Filinge, ya ce lakar da ke cikin ƙashin baya ce ta yanke, kuma ita ce igiyar da kai yake jan ƙafa da ita. Kailu ya ce, "To, igiya biyu ke nan sunka tsinke rana guda."

Matarsa Zuwaira ita ce ta gaji ƙafafun nan. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a Abala, saboda haka komai hannunta ya dawo. Takan juya shi bayan kowace salla da kuma tsakanin salloli, ta wanke shi, ta shanya tsummoki a bayan rumbu inda masu wucewa ba za su gani ba. A cikin shekara biyun nan ta ga abubuwan da ba a koya wa mace kafin aure. Ta ga tururuwa sun ja layi a kan ƙwaurinsa suna ɗauke da ɓarɓashin tuwo, shi kuma yana kallonsu yana ƙirga masu lalaci a cikinsu. Ta ga wata kaza mai wake-wake ta gane cewa tsakanin ƙafafun Kailu ne wuri guda a gidan da ba a taɓa motsawa, ta mai da shi akurkinta, har ƙwai bakwai ta saka a can. Wani lokaci kuma ƙafar takan zabura ita kaɗai, ta yi rawa kamar ta tuna wata hanya, sannan ta kwanta. Majo ya ce wannan ba komai ba ne, nama ne kawai yake firgita.

Abin da yake cin zuciyar Zuwaira shi ne mikin da ke ƙasan bayansa, inda ƙashi yake danne tabarma. Ya fara ne da ɗan ja kamar faɗin dala. Kafin rani na biyu ya raba, ya zama rami da dunƙulen hannunta zai iya shiga. Kailu ba ya jin sa, bai kuma taɓa ganin sa ba. Ita da Majo kaɗai suka san fuskarsa. Takan wanke shi da ruwan gishiri, ta sa zuma in an samu, ta turara ɗakin don kada masu zuwa gaisuwa su ji abin da take ji.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Filinge, ta je karɓo magani. Majo ya ja ta gefe ya ce mata mikin ya fi ƙarfin abin da ke hannunsu. Sai an kai shi Yamai an kankare ruɓaɓɓen naman, an dasa masa fata, an ba shi katifar nan mai iska wadda ba ta cin baya. Kuma sai an yi kafin damina, don in laima da ƙudaje suka sauka, mikin zai kai ƙashi, daga ƙashi ya shiga jini. Ko kuɗin motar da za ta kai mutum kwance Yamai sun fi ƙarfin rumbunsu. Sai Majo ya nuna mata wata mata da ke zaune a inuwar itacen bedi da jaka a cinya, ya ce ta je ta gaishe ta.

Sunan matar Basiratu, 'yar Filinge ce, tana aiki da wata ƙungiya ta Kurfayawa mazauna Yamai masu taimakon waɗanda bayansu ya karye. Ta gaya wa Zuwaira gaskiya tun farko cewa ƙungiyar ba ta da akwatin kuɗi. Abin da suke yi shi ne su ɗauki bidiyon majinyaci da salula, su tura wa 'yan ƙasa da ke Abijan da Kumasi da Kwatano da Legas. Wanda zuciyarsa ta motsa ya aiko da abin da ya samu, a haɗa a kai mutum Yamai.

"Laraba zan zo," in ji ta. "Amma Inna, ki ji ni da kyau. Ku bar shi yadda yake. Ko tsakar gida kada ku share. Mutanen can ba su ba da komi sai idonsu ya ga abin da kike gani."

Zuwaira ta ce ta ji. Ta koma gida da wannan magana a ƙirjinta kamar wadda ta ɗauko garwashi a ƙwarya, ta kai wa Hafizu, wan Kailu, don shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu Alhassan. Hafizu ya yi shekara goma sha ɗaya yana sayar da albasa a Abijan kafin ya dawo gona, saboda haka ya san sunan duk wanda zai kalli bidiyon nan. Ya fara jero su. Akwai uban mijin 'yar Kailu. Akwai 'ya'yan mutanen da Kailu ya haƙa wa rijiya. Akwai wani Adamu da suka taɓa neman auren Zuwaira tare da Kailu, ya sha kaye.

"Waɗanga duka su ga ɗan Alhassan kwance bisa tabarma kamar wanda ba shi da dangi?" in ji Hafizu. "Su ce muna nan da ranmu munka bar shi cikin tsumma?"

"Yaya, ta ce a bar shi yadda yake."

"Ita ɗiyar birni ce. In baƙo zai zo gidanki, da zanen daka kike tarbar shi?"

Kafin magariba labari ya zaga ƙauyen, kuma Gawo Uku ba ta taɓa haɗa kai a kan abu kamar yadda ta haɗa a kan wannan ba. Liman ya aiko da babbar rigarsa ta Idi, mai ruwan toka da aiki a wuya. Darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko, ya ba da aron kujerarsa mai hannuwa. Wata amarya ta ciro dardumar ɗakinta da ba a taɓa takawa da takalmi ba. Samari suka kwaɓa ƙasa suka shafe bangon da zai fito a bayan kujerar, aka kuma ɗaure wani farin rago na maƙwabta a gefe don ya shiga hoton. Tsofaffin mata suna wucewa suna cewa Allah Ya saka wa kowa, yau an rufa wa Kailu asiri. Zuwaira tana tsaye a bakin madafa tana amsa musu da amin.

Da hantsin Laraba maza huɗu suka ɗauko shi suka ɗora a kujerar. Jikinsa ya riƙa zamewa gefe kamar jiƙaƙƙen bango. Sai Hafizu ya kwance rawaninsa ya zagaya ƙirjin ƙanensa da shi sau uku, ya ɗaure a bayan kujera, sannan aka zura babbar rigar a kai ta rufe ɗaurin. Aka miƙe ƙafafun a kan darduma, aka kafa masa hula.

Zuwaira ta matso kusa da Hafizu ta ce a hankali, "Yaya, Majo ya ce kada a zaunar da shi bisa wurin nan."

"Minti nawa ne? Tana zuwa ta ɗauka mu kwance shi."

Ta juya za ta yi wa mijinta magana, sai ta ga fuskarsa. Kailu yana kallon saman danga. Daga kan kujerar yana hango gawon nan uku da aka sa wa ƙauyen sunansu, da mata a bakin rijiya, da wani raƙumi da ke wucewa can nesa da kayan kanwa. Bakinsa a buɗe kaɗan kamar na yaro.

"Zuwai," ya ce, "ashe gawon tsakiya ya mutu? Ba wanda ya gaya mini." Ya dubi mazan da suka kewaye shi ya yi dariya. "Shekara biyu ina kallon ramin hancinku daga ƙasa. Ashe kuna da goshi."

Kowa ya yi dariya, Zuwaira ta haɗiye maganarta ta koma madafa.

Motar Basiratu ba ta zo da hantsi ba. An tsayar da ita a shingen sojoji, aka ce sai an gama binciken hanya. Azahar ta yi, aka ba Kailu ruwa ya yi alwala a zaune. Sau biyu Zuwaira tana cewa a kwance shi ya huta, sau biyu ana cewa ai ga ƙura can, ita ce, kwancewa da sake ɗaurewa aiki ne. Ƙurar farko ta shanu ce, ta biyu ta guguwa. Sai bayan la'asar motar ta tsaya a ƙofar gida.

Basiratu ta shigo da sallama, ta ga bango sabo, da rago, da darduma, da dattijo cikin babbar riga a kan kujera kamar mai jiran a naɗa shi sarauta. Ta tsaya da salula a hannu. Ta dubi Zuwaira, Zuwaira ta dubi ƙasa.

"Tun yaushe yake zaune?"

"Tun hantsi," in ji wani, da alfahari.

Basiratu ta rufe ido kaɗan. Ta roƙi Hafizu a mai da shi shimfiɗarsa ta ɗauka a can. Hafizu ya ce gidansu ba a nuna wa duniya bayan namiji, ko haka ko a fasa. Direban yana ta leƙowa yana nuna rana, don ba a bin hanyar in ta faɗi. Basiratu ta ɗaga salular.

"Baba, gaya wa 'yan'uwa na nesa. Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Mi ke damun ka?"

"Ba komi, ɗiyata, sai godiya. A gaida mutanen Abijan."

Ba ƙarya ya yi ba a wurinsa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin wanda aka tambaya jiki a gaban jama'a ya ba da wata amsa ba, ko da kuwa ana laƙƙana masa kalmar shahada. Ana cikin haka ƙafarsa ta dama ta zabura a ƙarƙashin rigar, ta buga darduma sau uku. Jama'a suka ɗauki masha Allah baki ɗaya, salular kuma tana ɗauka. Basiratu ta juya salular ga kanta ta yi bayanin miki da laka da katifa da damina, ragon yana kuka a bayanta.

Kafin ta tafi aka kawo mata fura, ta sha a tsaye. Kailu ya tambaye ta ko gaskiya ne akwai inda ake ɗinke laka. Ta ce ba a kai ga haka ba tukuna, amma ta ji a wasu ƙasashe likitoci suna gwaji a kan ɓeraye, har wasu ɓerayen da bayansu ya karye sun ɗan ja ƙafa.

"Ɓeraye?" Kailu ya girgiza kai cikin jin daɗi. "Su wa ke karya musu bayan?"

"Likitocin."

"Su karya su gyara. To ai ni an hutar da su rabin aikin. Ki gaya musu akwai wani babban ɓera a Kurfai."

Da motar ta tashi aka kwance shi. Bayan rigar liman ya jiƙe da jini da ruwan miki har ya manne da kujerar darekta. Zuwaira ta kori kowa, ta kifa shi, ta duba. Ramin ya buɗe ta gefe, kuma a can ƙasa ta ga wani abu fari-fari da ba ta taɓa gani ba. Sau uku tana wanke rigar da toka da sabulu. Da ta kai wa liman ya ɗaga ta ya dubi tabon, ya ce ta riƙe, sadaka ce.

Bayan kwana biyu saƙonnin murya suka fara shigowa salular Hafizu. Yakan zo da yamma ya zauna gefen tabarmar ƙanensa ya kunna musu. Muryoyi daga Abijan da Kumasi, da ƙarar motoci a bayansu. Masha Allah, Kailu ya tashi. Mun ga ƙafa tana motsi, saura tafiya. Uban mijin 'yarsu ya ce hankalinsa ya kwanta, da ma an gaya masa abin ya yi muni, ashe baki ne na mutane. Wani ma ya ce a gaya wa Kailu in ya ƙarasa warkewa akwai rijiyar gidansu da ke son yasa. Kailu yana kwance rub da ciki yana murmushi a cikin matashi, yana cewa a sake kunna na wane. Abin da aka aiko kuwa na goro ne, irin wanda ake ba wanda ya tashi daga ciwo, ko man mota bai kai ba.

A makon nan ƙungiyar ta tura bidiyon wani makiyayi daga Sanam da ya faɗo daga raƙumi. An ɗauke shi kwance a kan buhu, ƙudaje a bakinsa, uwarsa tana kuka. Kwana tara aka tara abin da ya kai shi Yamai. Da Zuwaira ta ji, sai ta tarar tana jin haushin tsohuwar da ba ta taɓa gani ba, don ita ta iya kuka a gaban salula. Ta yi istigfari, ta ci gaba da daka.

Zazzaɓi ya fara zuwar wa Kailu da rana tsaka, ya sake shi da yamma. Turare ya daina rufe warin. Zuwaira ba ta shawarci kowa ba, ta hau amalanke wata Lahadi ta nemo Basiratu, suka shirya ta zo ranar da maza suka fita sharar gona. Ta gaya wa Kailu abin da suka shirya. Ya ce ya yarda, amma fuskarsa tana bango, kuma ba zai yi magana ba. Haka aka yi. Zuwaira ta yaye zanen da hannunta, Basiratu ta ɗauka tana riƙe numfashi, ta faɗi sunansa da na ƙauyensu, ta tura.

Amsar ba ta ɗauki kwana ba. Wannan ba Kailu ba ne, in ji mutanen Abijan. Kailu mun gan shi da idonmu a kan kujera, cikin riga, da rago a bayansa. Wane ne wannan da ba shi da fuska? Wasu suka ce ƙungiyar ta samo bayan wani a gidan likita tana bara da sunan mutumin kirki, a ji tsoron Allah. Adamu, wanda ya sha kaye a neman aure, shi ya ce a daina gardama, a kira Hafizu a tambaye shi. Aka kira shi yana gona.

Da yamma Hafizu ya shigo gidan bai yi sallama da ƙarfi ba. Zuwaira tana tankaɗe. Shekara ashirin da shida tana gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, ran nan ta ɗaga.

"Yaya, mi ka ce musu?"

"Ke kin yi abu ba ki gaya mini ba."

"Na yi. Mi ka ce musu?"

Ya dubi rariyar da ke hannunta. "Na ce ɗan'uwana kun gan shi bisa kujera."

"Shi ke nan?"

"Su goma sha ne a kan layi, Zuwaira. Har da surukinmu. Bakina ya buɗe zan ce shi ne, sai na ga ramin nan a idona." Ya zauna a kan turmi kamar an tura shi. "Ni na goya shi yana yaro. Bayan nan ni na san shi."

Ta so ta zage shi, zagin bai zo ba. Ta ci gaba da tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe.

Basiratu ta dawo karo na uku ranar da hadarin farko ya taso daga gabas ya tsaya bai zubar ba. Ta rame, don ita ma maganar ta taɓa aikinta. Ta durƙusa gefen tabarmar ta ce saura hanya guda. A ɗauki fuska da miki a bidiyo ɗaya ba tare da yankewa ba, Kailu ya faɗi sunansa da na ubansa da bakinsa, ya ce ranar kujera ɗaure shi aka yi da rawani. In ya yi haka wataƙila su yarda, wataƙila kuma a kai shi kafin ruwa ya sauka. Ba ta yi alkawari ba. Hafizu yana bakin ƙofa, ya ce shi ba zai hana ba, zai ma tsaya a ciki a gan shi.

Suna cikin wannan aka yi sallama. Abba ne, ɗan ƙauyen da ke cin rani a Abijan, ya dawo noma jiya da dare bai huta ba ya kawo saƙo. Ya ajiye wani kwali a gaban Kailu, ya ce 'yan Kurfai na can ne suka haɗa suka saya, sun ce a ba shi hannu da hannu, kada ya damu da masu ɓata masa suna. Zuwaira ta buɗe. Takalma ne na fata, baƙaƙe, sau ciki, da takarda cushe a cikinsu. Abba ya ji warin ɗakin, ya dubi mutumin da ke kife a tabarma, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce bari ya je ya dawo.

Kailu ya jawo takalmi ɗaya ya shinshina, ya shafa ɗinkin da babban yatsa. Sannan ya ce, "Ɗiyata, wancan da kika ɗauka, na bayana. Nuna mini."

Basiratu ta dubi Zuwaira. Zuwaira ta ce, "Mai gida, bar shi."

"Kowa ya gani har Kumasi. Ni kaɗai ne baƙo?"

Aka riƙe masa salular a gaban fuska. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita. Bai firgita ba. Ya ƙanƙance ido yadda yakan yi in an kira shi duba tsohuwar rijiya, ya sa a tsayar a wani wuri, ya nuna da farce.

"Kin ga nan? Bakin ƙarami ne, cikin ya fi shi faɗi. Ta ci ta ƙarƙashi, ta gefe. In anka kira ni ga irin wagga, ba ni sa mutum ciki. Sai in ce da mai ita ya yi haƙuri ya rufe."

"Baba, jiki ba rijiya ba ne. Na ga waɗanda sunka fi wanga, anka gyara."

"Nawa?"

"Biyu."

"Cikin nawa?"

Basiratu ta janye salular. Zuwaira ta matso har gwiwarta ta taɓa kafaɗarsa. Ba ta saba roƙonsa a gaban mutane ba, amma ta roƙe shi. Ta ce ko ɗaya ne cikin ɗari ya bari a gwada, magana ce ta minti biyu, kunya ba ta kashe kowa ba, mikin nan kuwa zai kashe. Ta ce ita ta gaji da wanke shi amma ba ta shirya dainawa ba.

Kailu ya saurare ta har ta gama. "Zuwai, in na hwaɗi haka, na ce liman da darekta da Yaya da garin ga duka sun yi ƙarya. Su kuwa abin da sunka iya ne sunka yi mini." Ya juya takalmin a hannunsa. "Can Abijan akwai wani Kailu zaune da hula, ƙahwa tana motsi, har an saya mishi takalmi. A bar musu shi. Wanga na nan ke kaɗai ya dama."

"Ni ba mutum ba ce?"

"Ke ce mutum," ya ce.

Basiratu ta jira har direba ya yi oda sau biyu. Ta bar musu auduga da ruwan wanke miki da ta sayo da kuɗinta, ta ce in ya sake shawara a kira ta ko yaushe ne, ko da yake su ukun sun san in ruwa ya sauka mota ba ta shigowa Gawo Uku. Hafizu ya raka ta waje bai dawo ba.

Lokacin juyi ya yi. Zuwaira ta sa hannu ɗaya a kafaɗarsa ɗaya a ƙugu, ta mirgina shi ya koma gefen hagu, ta cusa tsumma a tsakanin gwiwoyinsa. Jikinsa da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya ce ta sa masa takalman ya gani. Ta ciro takardun, ta kama ƙafar dama, wadda ta kumbura ta yi sanyi, ta tura ta a hankali har dunduniya ta shiga. Ta sa ta hagu. Ya ɗaga kai da ƙyar yana leƙensu a can ƙarshen tabarma, suna ƙyalli.

"Sun matse ka?" ta tambaya, don bakinta ya riga tunaninta.

"Ke za ki gaya mini."

Ta zura yatsa tsakanin fatar takalmin da dunduniyarsa, yatsan bai shiga ba.

"Sun matse," ta ce. "In sun daɗe za su yi maka wani mikin."

"To bar su kaɗan, sannan ki cire."

Ta zauna a gefen ƙafafunsa tana korar ƙudaje da mafici, tana jiran ya ce ya isa.